Kawu Mamman da Lambar Ɓoye

Duk wanda ya san Kawu Mamman na Horo Birni ya san ba ya kiran na ƙasa da shi a waya. Kafin ya danna lamba sai ya bincika shekarun mai ita.

Ran da sanshi na noma ya ɓace, anka ce wani dillali ya gan shi a Kajiji. Na ce, "Kawu, kira shi mana!"

"Yaron da nic ci naman sunanshi? Sai dai san ya kwan can."

Ya kuwa kwana, har ukku.

Matar nan ta cikin waya mai cewa lamba a kashe take, ita ma gaba yake da ita. "Ke ɗiyar wa? Ko sallama babu! Ba ni mijinki."

Mun sha dariya, wallahi, amma dokar nan ita ta cuce mu. Shekara huɗu ba ya magana da ƙanenshi, Kawu Sani na Dingyadi, kan tsamiya guda da Kawu Sani ya sare a gonar gado. Ciki ɗaya fa! Innata, ƙanwarsu, ta yi kuka har ta gaji.

Wata ranar kasuwar Shagari ya ja ni bayan buhunan albasa. "Kai, mi a ka dannawa lamba ta ɓoye?"

Na nuna mai. "Wa za ka kira, Kawu?"

"Ubanka."

Ashe Kawu Sani ne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shige zaure ya danna, ya ji "Salamu alaikum, wa ka magana?", ya kashe. Sau ɗaya na kama shi.

Ya ce, "Ka ji na yi magana? To ban kira shi ba. Shina tari dai, ka gaya ma uwarka."

Na roƙe shi ya bar ni in faɗa wa Kawu Sani. Ya sa ni rantsuwa, ni kuma sakarai na rantse.

Da Allah ya yi wa Kawu Mamman rasuwa, ranar sadakar ukku Kawu Sani ya zo ya yi kukanshi. Da hira ta sake, sai ya shiga ba mutane labarin wani ɗan damfara mai lambar ɓoye da ke damunshi duk Juma'a.

"Waccan Juma'a na wanke shi tas! Nic ce Allah ya tsine mai, shi da wanda ya haihe shi. Jiya ko bai kira ba, ya ji tsoro."

Aka kwashe da dariya, ni na tashi na bar tabarmar. Har yau ban faɗa mai ba, ban ga abin da zai yi da labarin ba in ba kuka ba. Haushinsu nake ji su biyun, na kaina ya fi.

Ya Allah, Kawu Sani bai san da wa yake ba, kada Ka karɓa. Ka jiƙan Kawu Mamman, Ka haɗa su inda za su gaisa.