Ranar da na tambayi Gwaggo iƙama

"Gwaggo, ɗan ɗaga niƙabin, ki ba ni iƙamarki."

Ta zuba min ido. Aikin raino ta zo nema a makarantar yaran da nake aiki a garin Kurayyat, nan ƙasa mai tsarki, kuma ni ke tantance mutum da iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, kafin a ɗauki yatsunsa a bincika ko ya taɓa laifi.

"Ni da na wanke miki kashi?"

"'Ya'yan mutane ne, Gwaggo. Ko Umma ce sai na duba."

Ta ɗaga niƙabin, ta miƙo katin.

Ran Juma'a na je gidanta cin abinci, ta tare ƙofa: "Yalla, maza, iƙama! Nan ma akwai jikoki."

Wallahi sai da na nuna. Jama'a, na yi laifi?