Gwangwanin Numfashin Alfons

Trude Odenthal ta san numfashin mijinta kafin ta san fuskarsa, kuma aikinta ne ya jawo haka. A wani gidan rediyo na birnin Kolon, bayan yaƙi, lokacin da rabin gari tulin fasassun bulo ne, ita ce mai yankan zaren tef. A ɗauki muryar mai karatu a sama, a sauko mata da faifan, ta kasa kunne. Duk inda mutum ya ja numfashi ko ya haɗiyi yawu, sai ta sa reza ta cire wurin, ta liƙe bakin zaren da gam. Manya sun ce ba wanda ya kunna rediyo don ya saurari huhun wani.

Alfons, mai karanta labaran yamma, yana da wani jan iska ta hanci kafin kowace doguwar magana. Ran nan a layin kofi wani ya ja iskar nan a bayanta. Ta juyo ta ce, "Au, kai ne mai ba ni wahala!"

Ya ce, "Ke ce ɓarauniyar numfashina? Shi ya sa nake haki a matakala. Maido min da kayana, Malama."

"Zo ka karɓa."

Ya zo, kuma bai koma ba. Daga ranar ta daina zubar da guntayen Alfons a kwandon shara, tana tara su a gwangwanin biskit, wai in sun tsufa za ta biya shi.

Ba su tsufa ba. Ciwon huhu ya ɗauke shi a wani lokacin sanyi. Da ta koma aiki, ta je ɗakin ajiya neman ko faifai ɗaya na muryarsa, aka ce babu. Tef ba ya wadata a lokacin, da an watsa shiri ake goge shi a ɗora wani. Faifansa na ƙarshe an riga an hau kansa da rahoton cikar kogi. Mutumin da duk gari ya san muryarsa, ko kalma ɗaya bai bari ba.

A shekarun ne aka mai da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wajen wasu samari masu neman kiɗan da ba ganga, ba tsirkiya, ba maƙogwaro. Injuna ne ke yin fito, samarin su ɗauka a tef, a yayyanka, a juya, a sake liƙewa. Wata guda ana abu, a ƙarshe a sami abin da bai kai a sha kofi ɗaya ba. Su dai sun ce kiɗan gobe ne. Babbansu, Egon Lützeler, dogo ne mai mantuwa, mai yawan yunwa, kuma yunwar ce ta kai hannunsa kan gwangwanin wata rana da hantsi.

"Haba Anti Trude, gwangwani guda ba ko biskit? Mene ne wannan?"

"Ajiye, ɗan nan. Mijina ne."

Da ta yi masa bayani, idonsa ya kawo haske irin na yaron da ya ga nama. Ya ce shekara guda yana roƙon inji ya ba shi sauti mai rai, ashe abin yana kan kanta. Ta so ta kwaɗa masa mari. Amma sai wani tunani ya zo mata, ya hana ta sakat: a cikin guntayen nan masu yawa, ai ba a rasa inda rezarta ta zame ta haɗo da ɓarin kalma. Ko rabin "da", ko kan wani suna. Abin da take so ke nan a duniya.

Ta kife gwangwanin, ta fara liƙawa daga na ƙasa, tsofaffin, zuwa na sama. Da ta gama, Egon ya ɗora faifan, ya kunna.

Alfons ya ja iska zai yi magana. Bai yi ba. Ya sake ja. Ya sake. Ɗakin ya cika da mutum mai shirin faɗin wani abu, har Egon ya waiga bakin ƙofa. Trude ta jira kalmarta har zaren ya ƙare, ba ta zo ba. Hannunta bai taɓa zamewa ba, ko sau ɗaya.

Wani abin ta ji maimakon haka. Daga tsakiyar faifan wani siririn fito ya shiga numfashin, yana ƙaruwa, yana kauri, har na ƙarshe suka koma kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Ashe ciwon ya daɗe yana sallama. Kullum guntu ɗaya take ji, ta datse, gari ya ji lafiyayyen mutum, shi ma ya ji kansa a rediyo ya ce ai garau yake. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi a maƙabarta ba.

Egon ya ce, "Anti, a bar shi. Wallahi na fasa."

Ta share ido ta ce, "Ba ka fasa ba. Sa shi a kiɗanka. Amma kada ka juya shi, kada ka ja shi. Kuma bayan kowane numfashi ka bar masa wuri."

Ranar da aka sa kiɗan a babban zaure, ba kowa a dandamali sai lasifika. Wasu suka yi dariya, wasu suka fice, wani ɗan jarida ya rubuta cewa ya ji iskar da ke tsakanin taurari. Trude tana kujerar gaba da baƙar hularta.

Ta tsufa a ɗakinta na kusa da kogi, da kwafin faifan. Maƙwabta sun saba jin numfashin nan ta bango da la'asar. A cikin shirun da aka bar masa kuma sai su ji muryarta, a hankali, ba gajiya: "Ina jin ka, Alfons. Faɗi mana."