Sawu Biyu a Garejin Malam Barau

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 16 ga Yuli, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Barau bakanike na Birnin Kudu, bayan jinyar kwana tara. Ina Gwaram labarin ya iske ni, ko da na iso har an kai shi makwancinsa.

Malam Barau, kai mutum ne da ba ya yarda da babur don ƙyallinsa. Sabon fenti tsoro yake ba ka, domin a wurinka duk abin da aka shafe da fenti akwai abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashinsa. Malaman Islamiyya nawa ka gyara wa babura ka ce su tafi, addu'a ta ishe ka? Manoman Kangire nawa ka bi har gona da akwatin sifanoninka?

Shekara biyu ke nan da aka kawo manyan baburan tsere guda biyu daga Kano, ja da baƙi, ni kuwa na ƙwallafa rai sai na mallaki ɗaya. Na roƙe ka ka gwada min su. Ka hau kowanne ka kai shi Gwaram ka dawo, ina biye da kai a kan ɗayan. Jan ba shi da nauyi, kana taɓa totur ya zabura, a kwana kuwa kafin ka gama tunanin karkata ya riga ya karkata. Baƙin yana da nauyi, a kwana sai ka lallashe shi kamar tsohon sa a bakin garma, amma yana haɗiye ramukan hanya ba tare da bayanka ya sani ba. Kafin mu dawo zuciyata ta gama zaɓar jan.

Sai ka yi abin da ka saba. Ka kwara bokitin ruwa a ƙasar gareji, ka tura kowane babur a miƙe ya bi ta kan lemar. Tayar bayan baƙin ta hau daidai kan sawun ta gaba. Jan kuwa sawu biyu ya bari, tsakaninsu faɗin yatsa biyu.

"Fa'izu, wannan ya taɓa faɗuwa, an miƙe shi ne aka fente," ka ce. "A gudu kaɗan ba za ka ji komai ba. Ran da ka sake masa wuta, kansa zai ƙwace maka. Ɗauki baƙin."

Ni kuwa na riga na san baƙin na Ismail ne, ƙanen matarka Hajiya Hadijatu. Nan take zargi ya shige ni. Me ya sa ka tura jan da hannun hagu? Me ya sa ka fi zuba ruwa a gefe ɗaya? Me ya kawo Ismail garejin da safiyar nan? Ban tambaye ka ko ɗaya ba. Na sayi jan, na je majalisarmu ta Gwaram na ce Barau ya fara gwajin surukuta. Aka yi dariya, maganar ta bi kasuwanni har Sara da Sundimina. Na san mutanen da suka daina kawo maka babur saboda bakina.

Wata huɗu bayan haka, a wata kwana kafin Sara, kan babur ɗin ya kama rawa a hannuna, ya watsar da ni a gonar gero. Na karye a kafaɗa. Ka zo dubiya da ledar lemo, ka zauna ka yi min addu'a, ba ka ambaci babur ba ko sau ɗaya. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ko a ranar cewa na yi a raina ka zo ganin ƙarshen mai taurin kai ne.

A zaman makoki Ismail ya matso kusa da ni. "Ni ma fa na zarge shi," ya ce. "Cewa ya yi birkin gaban baƙin ya mutu, in na sayar maka ban sauya ba shi zai fara tona min asiri. Na ɗauka ku kuka haɗa baki. Wata biyu ba na gaishe shi."

Jiya na koma majalisa na janye maganata. Mutum biyar na tarar, alhali ƙaryar ta zaga ƙananan hukumomi biyu. Shi ya sa na rubuta wannan da sunana: gwajin Malam Barau gaskiya ne, zargin da na yaɗa ƙarya ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hadijatu, da 'ya'yansa Sa'adiyya da Muslim da Jannat, da duk makanikan Birnin Kudu, ina kuma roƙonsu gafara. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Allah Ya sa kuma ya yafe min kafin ya cika, domin ni har ya tafi ban nema ba.

Fa'izu Muhammadu, Gwaram