Gyaran da Inna Ta Yi wa Wandon Kekena

Sharaɗi ɗaya Inna ta gindaya mini ranar da na fito da keken marigayi Baba daga ɗakin buhuna na kakkaɓe masa ƙura. Ta ce, "Hau abinki, tunda kin rantse sai kin zama abin nuni a Roni. Amma ranar da ƙarfen nan ya ji miki ciwo, ko ƙwarzane ne, ranar kin gama hawansa. Ƙaninki zan ba wa ya riƙa ɗauko harawa." Na ce na yarda. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

A lokacin aurena ya mutu, na dawo gidanmu da akwatina, kuma an tura ni koyarwa wata firamare a ƙauye, can ta hanyar Gwiwa. 'Yan acaɓa suna zuwa, amma kowane ɗan acaɓa a ƙasar nan malamin aure ne. Kafin ku wuce gonar farko ya tambaye ki ko kin gama idda, kafin ta biyu ya tuna yana da wani yaya mai hankali. A gida kuma Inna ce, da safe maganar aure, da yamma maganar aure. A kan keke ne kaɗai ba mai tambayata komai. Daga ni sai ƙarar sarƙa, sai gero da dawa dama da hagu. Ina son keken nan so na gaske, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Gari ya yi maganarsa har ya gaji. Na koyi sa dogon wando a ƙarƙashin zani, na koyi tattare hijabi in ɗaure a ƙugu kada ya shiga taya ya kayar da ni a gaban masu shayi. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne sirdi.

Sirdin Baba tsohuwar fata ce da ta bushe ta koma kamar ƙashi. Shi Baba ramamme ne, Allah ya jiƙansa, ba shi da naman da sirdi zai cuta. Ni kuwa ina da shi. Ga ɗinkin wando mai kauri da ke bi ta tsakiya, daidai inda nauyin mutum yake sauka, ga zufa, ga hanya mai gargada. Ban daɗe da farawa ba na saɓule a wurin da ko gaban likita sai kin yi ta kewaye-kewaye kafin ki ambata. Ciwon ma bai dame ni kamar ɓoye shi ba. Daga ƙofar gida nake miƙewa in shiga kamar soja, in zauna a tabarma ina murmushi, raina kuwa yana kiran Allah. Zaman tahiyya a bayan Inna ya zame mini jarrabawa ta musamman. Man kaɗanyarta ya riƙa ƙarewa da wuri, da ta yi magana na ce kaushi ne ya dame ni.

Na gwada dabaru. Na ninke tsohon zani a kan sirdin, ya riƙa zamewa yana tattaruwa waje guda. Na ɗaure ƙaramin matashi da robar taya, sai ya ɗaga ni sama har ƙafata ba ta kai feda sosai, faɗinsa kuma ya goge mini cinyoyi. Ɗalibaina suka ce Malama ta zo da gadonta.

A waya na ga mafita. Wasu mata ne na wata ƙasa suna tseren keke, a matse cikin gajerun wanduna, abin dai ba kyan gani. Amma na lura sun wuni a kan sirdi, sun sauka suna tafiya kamar mutane. Na bi diddigi, ashe wandon da soso a cikinsa, an shimfiɗa shi daidai inda ake zama, kuma ba ɗinki a tsakiya. Na ce to, ashe duk duniya ciwon ɗaya ne, su dai sun fi mu rashin kunyar neman maganinsa.

Ranar kasuwar Babura na shiga mota na tafi layin 'yan gwanjo, inda ba wanda ya san ni. Wajen wani ɗan Nijar na sami irin wandunan, a ƙasan tulin kayan yara, don shi ma bai san inda zai sa su ba.

"Hajiya, wannan ba naki ba ne," in ji shi. "Na tsofaffin Turawa ne, waɗanda fitsari ke ƙwace musu."

"Ai kakata zan saya wa."

"Ayya. Allah ya ba ta lafiya."

Na ce amin, ko da yake baiwar Allah ta daɗe a kabari. Na tsuguna ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye mai dogon siririn soso, don na gane na maza ne. Na ajiye wanda robar cinyarsa za ta yanke mini jini. Na ajiye wani da ya yi mini yawa, tunda abin da ke yawo a jiki shi ke goge fata. Na ɗauki wani baƙi mai gajeren soso mai faɗi ta baya, na shafa shi da tafin hannu ban ji tudun ɗinki ko ɗaya ba, na kara shi a ƙuguna. Mai gwanjo ya dube ni ya dubi wandon.

"Kakar taki ƙugunku ɗaya ne?"

"Gado ne," na ce masa.

Wallahi ranar da na fara hawa da shi sai da na yi waƙa a hanya. Shi nake fara sawa, ba komai a ƙarƙashinsa, sannan dogon wando, sannan zani. Ciwon ya warke. Na daina satar man kaɗanya. Kullum na dawo sai in wanke shi in shanya a igiyar bayan ɗaki, in rufa masa zani a kai, yadda duk mace mai kunya take shanya ƙananan kayanta. Na ɗauka na gama da wannan babin.

Wata rana a ƙarshen damina hadari ya taso ina makaranta, Inna ta kwashe shanya. Da na dawo na tarar da ita cikin wata irin fara'a da ban saba gani ba, har da ajiye mini fura mai nono da yawa. Na duba igiya, na duba ɗaki, babu wando. Ina cikin birkita akwati ta leƙo.

"Abin naki yana wajen mai ɗinki," ta ce, tana rage murya. "Kada ki ji kunyata, ni ma mace ce. Na gode wa Allah da kika dawo hayyacinki kika fara gyara jikinki."

Sai a lokacin na gane. Inna ta ɗauka ciko ne, irin wanda mata ke sawa don mazaunai su fito, wanda ake ce wa acuci-maza. A ganinta 'yarta ta shirya neman miji.

"Amma an cuce ki," ta ci gaba. "Wane mahaukacin tela ne zai sa ciko a ƙasa, inda ba mai gani? Ke da kika yi boko, a sayar miki da wannan ki karɓa?"

Na buɗe baki zan ce na keke ne. Sai na hango tambayar da za ta biyo baya: me keken ya yi miki da har kike neman soso? Na mayar da bakina na rufe, na ce na gode.

Mai ɗinkin maƙwabciyarmu ce, kuma duk amaryar da ta fita daga unguwarmu da ƙirar da ba da ita aka haife ta ba, aikinta ne. Ba ta yi wa wandona ha'inci ba. Ta farke soson ta raba shi biyu, ta ɗora kowane ɓari a kan mazauni guda, ta ga bai isa ba ta ƙara da soson katifa. Tsakiyar da ta zama fili ta haɗe ta da ɗinki mai kauri, ta bi ta sake bi don ƙarko. Ta kuma sa masa leshi a bakin cinya, kyauta.

Wandon ya dawo ana gobe taron malamai a Kazaure, kuma ba haka kawai ba. Inna ta ji labarin wani jami'in ilimi da matarsa ta rasu zai halarta. Da safe ta tsaya a ƙofar ɗakina har na sa shi, ta juya ni gaba da baya.

"Yauwa. Yanzu kika zama mutum. Yau dai ki ajiye ƙarfen nan ki hau mota kamar matar kirki."

Da ina da hankali da na karɓi wannan shawara. Amma na hango ƙanina a zaure yana latsa tayar keken da babban yatsa, kamar mai taya akuya. Na san in na ajiye shi yau saboda namiji, gobe ma za a samo wani dalilin. Zuciya ta ɗebe ni, na ce da kekena za ni.

Tun kafin in fita gari na san na shiga uku. Soson katifar ya ɗaga ni ta baya ya tunkuɗa ni gaba, nauyina duka ya sauka a kan ɗinkin nan mai ƙarko. Na yi niyyar in na samu daji in tsaya in cire shi. Ina dajin yake? Lokacin cirar gyaɗa ne, kowace gona cike take da mutane. Duk kalgon da na nufa sai wani ya ɗago kai daga bayansa ya ce, "Sannu Malama, lafiya dai?" In ce lafiya lau, in koma kan sirdi. Soson ya sha zufa ya yi nauyi. Na tuƙa a tsaye har cinyoyina suka ƙi, na zauna, na sake miƙewa. Na tsine wa mai ɗinki, na tsine wa leshinta, na tsine wa jami'in da ban taɓa gani ba.

A Kazaure na shige banɗakin makarantar na cire shi na cusa a jaka, amma aikin gama ya gama. A tsaye na yi taron, a bayan aji, na ce barci nake ji. Jami'in ya zo, ya yi jawabinsa, ya tafi. Ko inda nake bai duba ba, kuma ko ya duba, abin da aka tanadar masa yana cikin jaka.

Dawowa ban iya hawa ba sai kaɗan-kaɗan. Yawancin hanyar turo keken na yi. Na iso gida rana ta yi sanyi, ina tafiya ƙafa a wawware, kuma ranar duk ƙoƙarina na kasa yin tafiyar soja. Inna tana tsakar gida tana tsinke zogale.

"Ya gan ki?" ta tambaya. Sai ta dube ni da kyau, ta ajiye tiren. "Zauna."

"Ba zan iya ba, Inna."

Daga nan kuka ya ƙwace mini. Ba kukan ciwon ba ne, na saba da shi. Kukan keken nake yi. Na fito da wandon na gaya mata ko na mene ne, da inda soson yake tun asali, da dalilin sa shi a can. Na gaya mata ba kaushi ne ya cinye mata man kaɗanya ba. Na ce ta kira ƙanina ya ɗauka, alkawari ne.

Ta tashi ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta kai mini banɗaki da kanta, abin da rabonta da yi mini tun ina ƙarama. Da na fito na tarar da ƙanina ya shigo, don a gidanmu labari ba ya jiran a aike shi. Har ya kama kan keken yana murza ƙararrawa.

"Sauke hannunka," in ji Inna.

"Inna, ai ke kika ce ranar da ya ji mata ciwo."

"Na ce ranar da keke ya ji mata. Wannan ni na ji mata."

Ya tsaya yana kallonta, ta kafe shi da ido har ya saki keken ya fita yana ƙunƙuni. Ni da ita mun san keken ya riga ta ji mini ciwo, yanzu na gama gaya mata. Ba ta ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba.

Ta jawo wandon ta shimfiɗa a cinyarta, ta ɗauko reza daga bakin taga ta fara farke ɗinkin mai ƙarko, a hankali, kada ta yanki yadin. Ta cire soson katifar ta jefa wa kaji suka yi ta tsattsaga. Ta haɗa ɓari biyun na asali tana juya su, ba ta dube ni ba.

"Zo ki nuna mini inda abin yake zama," ta ce.

Na durƙusa a gefenta, tunda zama ya gagara, na nuna mata da yatsa. Ni na zura mata zaren, don idonta ya daina ganin kafar allura.