Wata Huɗu Ban Taɓa Taɓarya Ba

Jiya jikata ta dawo daga asibiti bayan ta yi ɓari, wai likita ya ce in ta warke ta riƙa ɗan tattaki. Sai na tuna zamana a unguwar Makera, kafin a samu 'yancin kai.

Ina amarya, ba ni da kowa a Kaduna sai mijina Malam, na yi ɓari. Don tausayi ya hana ni daka da ɗebo ruwa, wai motsi ne ke hana ciki zama. Wata huɗu ina ɗaki, ina jin matan gidan hayarmu suna lugude suna dariya. Ai a bakin turmi ake hira, ni kuwa an raba ni da turmi.

Rannan Mama Laraba, maƙwabciyarmu 'yar Kagoro, ta ɗaga labulena.

"Amarya, jikin ne har yanzu?"

"Jiki ya warke, Mama. Tsoro nake ji kada in motsa wani ya ƙi zama."

"Ciki ya zube, sai ke ma a zubar da ke a ɗaki? Tashi ki raka ni rafi, ba sai kin ɗauki komai ba."

Da kanta ta roƙi Malam. Kullum da safe muna tafe, ita da tulu, ni hannu sake.

Bayan shekara na haihu. Ko tafiyar ce, Allah ne masani. Amma kafin suna an mayar da mijinta Kafanchan, ba ta ga ɗan ba, ban sake jin labarinta ba.

Ku fa, wa ya ɗaga muku labule?