Minti Biyar na Mai Agogo

Shekara talatin muna maƙwabtaka da Mai Agogo. Teburin gyaransa yana bakin layinmu, kullum za ka gan shi da ɗan gilashi maƙale a ido. Ba shi da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa muka daɗe. Da aka nemi 'yan sa-kai da za a koya wa aiki da rediyon oba-oba saboda ranar bala'i, ya ba da sunansa. Duk Asabar sai ya rufe tebur ya tafi gwaji, muna tsokanarsa: "Soja, ina yaƙin?"

Sai ambaliya ta zo. Gada ta karye, wuta ta ɗauke, waya ta daina shiga. Aka tara mu a makarantar unguwa. Shi ya zauna a teburin malami kusa da taga, da rediyo da littafi da agogo.

Ƙa'idarsa ba ta canzawa. Duk awa ɗaya zai kunna na minti biyar. Saƙo sai an rubuta shi a taƙaice, na marasa lafiya a gaba. Cibiyar agaji ta kira, ya karanta, ya kashe.

Matar telan unguwarmu ta ce, "Haba Baba, wannan rowar batir har ina? Bar shi mu ji labarin 'yan'uwa mana!"

Ya ce, "'Yata, batir ba ya haihuwa."

Ni ma na roƙe shi ya tambayo mini ƙanena. Ya rubuta, ya sa can ƙarshe. Na ji haushi, amma na haɗiye.

Rana ta uku da hantsi matata ta yanke jiki ta faɗi. Ciwon suga gare ta, ruwa kuma ya tafi da allurarta. Na ruga teburinsa na gaya masa. Bai dubi agogo ba. Ya kunna, ya ce "gaggawa" sau uku, ya faɗi inda muke da shekarunta da ciwonta, ya jira aka maimaita masa.

Kafin rana ta take kwalekwale ya iso da ma'aikaciyar jinya. Ita ta gaya mana wasu makarantu biyu da aka tara mutane sun yi ɗif tun jiya, batirin rediyonsu ya ƙare a gaishe-gaishe.

Matata ta tashi, ga ta can tana mini faɗa kan takalmi. Na je godiya na rasa abin cewa, shi ma bai taimake ni ba. Yanzu dai duk Asabar ni ke tsare masa tebur har ya dawo.