Ɗan Kasuwar da Ya Ƙi Yarda da Kusurwar da Bai Auna Ba

Shekarun baya ina da wani aboki Babarbare da ke tsaron shagon yadin yayansa a kasuwar Gamboru. Burinsa ɗaya ne, ya shiga makarantar koyon aikin jinya, amma lissafi ya tare masa hanya. Ya zauna jarrabawa ya faɗi, ya sake ya faɗi. Sai yayan ya ce masa, "Wannan ce ta ƙarshe. In ka faɗi, ka manta da boko ka riƙe almakashi."

Ni kuwa a lokacin ji nake babu kamata a lissafi duk Maiduguri. Na daki ƙirji na ce ya riƙa zuwa gidanmu bayan la'asar.

Ranar farko na ja miƙaƙƙen layi, na jingina wani a kansa, na rubuta digiri saba'in a gefe guda, na ce ya nemo ɗaya gefen. Sai mutumin ya zaro ɗan roban nan na auna kusurwa, ya ɗora, ya kanne ido ya ce, "Casa'in da biyar."

Na ce, "Ɗari da goma ne. Kusurwoyin da ke kan miƙaƙƙen layi, in ka haɗa su, ɗari da tamanin ne. Cire saba'in kawai."

Ya ce, "Kai, ga shi na auna da hannuna!"

Nan na gano ciwon. Tun yana ƙarami aka koya masa kada ya yanka yadi sai ya auna, to haka yake yi wa kowane zane a jarrabawa. Na bayyana masa cewa masu tsara tambayoyi da gangan suke karkata zanen, don a yi aiki da ƙa'ida. Wallahi sai ya fusata. "Wannan ai ha'inci ne! A kasuwa wanda ya yi haka sai a kai shi gaban shugaba."

Na kama ƙofar ɗakinmu ina buɗewa ina turawa, ina nuna masa duk abin da gefe ɗaya ya ƙaru da shi, ɗayan ya rasa. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta ce wa abokin nawa, "Ɗana, rabu da wannan sarkin surutun, zo ka ci abinci. Kun cika mini ɗaki da ƙuda."

Da gardama ta yi gardama, na ƙwace roban na jefa aljihu. Ya yi zuciya ya daina zuwa, ga jarrabawa ta matso.

Ban yi fushi ba, na bi shi har shagon. Na ɗauki kwalin da ake naɗe yadi a jikinsa, na zana wata alwatika karkatacciya, mummuna, na rubuta sittin a kusurwa biyu. Na ce, "Ta ukun fa? Alwatika ma ɗari da tamanin ce." Ya laluba aljihu, babu roba. Ya harare ni, ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce, "Sittin. Amma zanenka ƙarya ne."

Na ce, "Ƙarya ne mana! Amsarka ce gaskiya."

Daga ranar komai ya warware masa, kuma ya ci jarrabawar. Na daɗe ina cika baki cewa ni na yi shi, har yau ma ban daina ba. Amma na fahimci ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, gaskiyar kasuwa ce ta bi shi har aji, babu wanda ya tsaya ya duba.

Bara mahaifiyata ta kwanta a asibiti, jijiyoyinta sun ɓuya, an soka an soka an kasa sa mata ƙarin ruwa. Sai ga abokin nan nawa cikin fararen kaya, ya durƙusa ya ce, "Mama, kawo hannun." Sau ɗaya ya soka. Ta buɗe ido ta ce, "Ɗana, ashe kai ne." Ni da nake ji da bakina, fita na yi waje don kada su ga ina kuka.